Bashin da Iya Ta Yafe a Sabon Ibadan

Mun tashi daga Zariya ladanin unguwarmu bai gama kiran assalatu ba, ni da Umma da ƙanenta, Kawu. Ku da kuka dame ni da saƙo wai na je Ibadan cin amala ban ɗauko muku ko hoto ɗaya ba, ga labarin nan, amma ku sani ba yawo muka je ba.

Kakana, Baba Tsoho, ya rasu wata biyar da suka wuce. Shekara hamsin yana sayar da wake da gero da dawa a Ibadan, shagonsa yana kasuwar Bodija, yana kwana a Sabo, unguwar Hausawa, a gidan hayar da aka kai masa kakata Iya tana amarya. Bara magadan mai gidan suka sa shi a kasuwa. Baba Tsoho ya ce ba za a tashi Iya da tsufanta ba, sai ya shirya sayar da shagonsa ga wata Bayarabiya, tsohuwar abokiyar cinikinsa da kowa ke kira Alhaja, don ya sayi gidan. Shago miliyan goma sha biyu, gida miliyan goma sha ɗaya. Ya sa hannu a takarda ran Litinin, bai ga Litinin ta uku ba. Yanzu Iya ta fita takaba, Umma da Kawu sun ce sun bar gadonsu a sayi gidan, mu kuma za mu je mu miƙa makulli, mu karɓi kuɗi, mu biya kafin wata ya ƙare, don akwai wani mai otal da ke jira da kuɗinsa a hannu. Ni an ɗauke ni ne saboda takardar da Turanci take. Na gama sakandare bana, shi kuwa Kawu Turancinsa bai wuce na cinikin taya ba.

Kuɗin mota dubu talatin da biyar kowa, kuma da wannan kuɗin an sayar min da rabin kujera ne. Sauran rabin wani buhun barkono ya zauna a kai, muka yi ta atishawa tare da duk wanda ke layinmu har Suleja. Daga Lambata zuwa Bida akwai ramukan da in mota ta shiga sai ka ji kamar ka yi wa 'yan uwa sallama. Tankoki da tireloli jere kamar ana rabonsu kyauta, wasu a tsaye, wasu a kwance a gefen titi sun gaji da duniya. A Mokwa muka ci shinkafa da wake da nama guda ɗaya dubu biyu da ɗari biyar, naman kuwa na tabbata saniyar ta yi aikin soja. A gadar Jebba ruwa ya cika maƙil, ja kamar kunun kanwa, mata na bin mota da soyayyen kifi da burodi. Umma ta sayi kifin don Iya, ta riƙe ledar a cinya har Ilori.

Ni kuma na buɗe takardar na fara karatu da ƙarfi don mutanen mota su san da wa suke tafiya. Shafin farko daɗi: suna, shago, miliyan goma sha biyu. Shafi na huɗu na tarar da wasu jimloli masu tsawon hanyar da muke kai. Na karanta sau biyu, kaina ya fara ciwo, na ce wa Kawu duk gaisuwar lauyoyi ce, na rufe.

Mun shiga Ibadan bayan isha'i cikin ruwan sama, don haka sai da safe na ga Sabo. Na ɗauka zan farka a ƙasar Yarabawa, sai na ji mai koko yana kira da Hausar Kano. Lungu ƙanana, kwata na gudu a tsakiya, kwanon rufi duk ya yi tsatsa, masu tsire suna wanke tire, 'yan canji sun fito da kujeru bakin titi suna kiran duk wanda ya sa takalmi mai kyau. Yara kuwa jimla ɗaya sai su zuba mata Hausa da Yarabanci da Turancin buroka, su juya, su miƙo maka. Wata yarinya ta ce min, "Ke 'yar Arewa ce, abi?" Na ce, "Ke fa 'yar ina ce?" Ta ce, "'Yar Sabo mana," kamar na tambaye ta ko tana da hanci.

Iya ta rame. Tana zaune a tsakar gida kan wata kujera 'yar tsuguno, gefen bishiyar lemon da ta ce da hannunta ta dasa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Aku, har yanzu ba a ɗinke miki bakin nan ba?"

"Iya, telan ya ce zarensa ba zai isa ba."

Ta yi dariya kaɗan, ta ce a ba ni amala da ewedu, miyar lalon Yarabawa, in gani ko zan yi shiru. Na ci malmala biyu, ban yi shirun ba.

Da hantsi muka ɗauki tasi daga Mokola, unguwar da ke maƙwabtaka da Sabo, zuwa Bodija. Tasin Ibadan ƙanana ne kamar akwatin ashana, kuma mutum biyu ake sawa a gaba. Kasuwar kuwa laka har idon sawu, doya tsibi-tsibi ta fi ni tsawo, 'yan dako 'yan Arewa suna gudu da buhu a ka suna ihu a ba su hanya. A can ba a awo da tiya, da kongo ake yi. Duk inda muka gifta sai wani ya tare Kawu ya yi masa gaisuwar Baba Tsoho.

Alhaja tana jiranmu a ƙofar shagon, babbar mace da gwaggwaro, ta rungume Umma ta yi kuka na gaske. Tare da ita akwai ɗanta, akanta ne, da tabarau da kalkuleta da sikeli da ya yi haya. Na ɗauka makulli za mu miƙa a ba mu kuɗi in ce a saya min takalmi. Sai ya ce a buɗe sito, za a ƙirga.

Tun rasuwar Baba Tsoho shagon a rufe yake. Da aka buɗe, wani wari ya fito, ƙwari suka tashi kamar sun biya haya. Aka yi ta fito da buhuna ana ɗorawa a sikeli, yana zura ƙarfe yana ɗebo wake yana dubawa a tafin hannu. Wasu buhunan waken duk huda ne, in ka matsa sai gari. Ya rubuta, ya danna, ya sake rubutawa. Sannan ya buɗe shafi na huɗu, wancan na gaisuwar lauyoyi, ya fara bayani da Turanci, aka ce in fassara.

Ga abin da ya ce, kuma da bakina Umma ta ji shi. Miliyan goma sha biyun ba kuɗin bango da ƙofa ba ne kawai. An yanke shi ne a kan cewa shagon zai zo da jarin da yake juyawa da shi: kayan da ke sito, a haɗa da bashin da shago ke bin mutane, a cire bashin da ake bin shago. Ranar da Baba Tsoho ya sa hannu an ƙirga, kaya na miliyan uku, bashin da yake bi miliyan biyu, shi kuma ba a binsa ko sisi. Biyar ke nan. Takarda ta ce ranar miƙa makulli za a sake ƙirgawa. In ya haura biyar, Alhaja ta ƙara kuɗi. In ya gaza, a cire daga farashi, naira a bakin naira.

"To nawa ya samu?" in ji Kawu.

"Biyu," na ce.

"Biyu me?"

"Miliyan biyu, Kawu. Wai uku sun tafi."

Ɗaya ta tafi a wurin ƙwari da sadaka. Ranar uku da ranar bakwai da ranar arba'in, daga siton nan aka riƙa ɗibar buhuna ana dafa wa jama'a, don ba wanda zai je ya sayi gero a shagon wani alhali mamacin mai gero ne. Ba wanda ya tuna cewa geron yana cikin takarda. Sauran biyun kuma su ne bashin. Matan aure arba'in da ɗaya ne a Sabo suke karɓar wake da gero a hannun Baba Tsoho, su yi ƙosai da alale da fura da kunu a cikin gida, yara su kai talla, su biya a hankali. Ranar sadakar uku Iya ta aika wa liman cewa duk macen da ke cikin littafin mijinta an yafe mata, liman kuma ya faɗa a lasifika.

Kawu ya ce, "Ke, tambaye shi wa ya gaya masa."

Alhaja ba ta jira fassara ba, da Hausarta ta amsa. "Ina wurin, ɗana. Na ce amin, na ci waina. Wallahi da kuɗina ne ni kaɗai da na rufe ido. Rabi na banki ne, rabi na 'yan adashenmu. In na biya abin da babu, me zan ce musu?"

Tara ke nan. Gida kuma sha ɗaya. Umma ta zauna a kan wani buhun dawa ta rufe fuska da mayafi. Ni da nake da amsa ga kowace magana a duniya, na tsaya ina kallon wani ƙwaro yana hawa takalmin akanta.

Shi akantan ne ya nuna mafita. Ya ce in matan suka amince a rubuce cewa bashin yana nan, kowace ta sa hannu, zai mayar da miliyan biyun cikin lissafi. Tara da biyu, sha ɗaya cif. Kawu ya miƙe kamar an sa masa sabon batir. Kafin la'asar an buga mana takarda a wani shago a Mokola, sunaye arba'in da ɗaya daga littafin Baba Tsoho, kowane da kuɗinsa a gaba, mun sayi tawadar dangwale ɗari takwas. Matsala ɗaya: gidajen matan aure ne, namiji ba ya shiga. Kawu ya dube ni.

"Kada Iya ta ji sai an gama. Kin ji ko, sarkin surutu?"

Kwana biyu na yi ina zaga Sabo, kuma a nan ne na ga garin da gaske. Kawu a waje da lema, ni a ciki. Daga titi gida ne shiru, kana shiga sai ka tarar da masana'anta: turmi na tashi, mai na tafasa, ana ƙulla zoɓo a leda, wata na ɗinki, jariri na barci a ƙarƙashin teburin awara. Gida ɗaya ɗaki goma, kowane ɗaki da iyalinsa da murhunsa a ƙofa. Kuma duk inda na shiga sai an ba ni abin taɓawa. Na rantse na ci ƙosan da zai ishi makarantarmu har da masu gadi.

Na tsara jawabina tsaf. Ni jikar Iya ce, za a tashe ta daga gida, takarda ce kawai ake so, ku dangwala ta zauna. Ba wadda ta yi min gardama. Maman Biyu mai ƙosai ta sa na karanta mata nata, ta ce, "Ƙarya ne, kuɗin kongo ashirin da biyar ne. Marigayi ya rage min biyar a littafi, ya ɗauka ban sani ba. Gyara." Wata kuma mijinta ɗan dako ne a kasuwar Shasha, bayansa ya riƙe yana kwance a ɗaki. Da aka yafe mata, kuɗin da ta tara don biya sai ta sayi tsohon firji tana sayar da kunun aya mai sanyi. Ta daɗe tana kallon firjin nan, sannan ta goge yatsa a zani ta dangwala, ta ɗauko min kunu gora ɗaya.

"Iya za mu riƙa kai wa kuɗin, ko?" ta tambaya.

Na ce, "Eh mana."

Na sha kunun har ƙasa. A ƙasan takardar nan akwai layi biyu da na karanta tun a Mokola, kuma wannan karon na gane su sarai.

Ran Alhamis da yamma muka cika arba'in da ɗaya. Kawu ya saya min tsire na dubu uku, ya ce ni ce lauyar gidanmu. Abin da ba mu lissafa ba shi ne tawadar nan ba ta fita da sabulu. Da safiyar Juma'a Maman Biyu ta kawo wa Iya ƙosai da kanta, babban yatsanta shuɗi. Mai fura ta shigo gaisuwa, yatsa shuɗi. Maƙwabciya ta zo aron rariya, shuɗi. Iya ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta kamo hannuna, wanda ya yi kamar na kwana a marina.

"Zaɓe ake yi a Sabo ba a gaya min ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Da matan suka fita ta sa aka kira Kawu da Umma, ta ce a kawo takardar, ta ce in karanta daga sama har ƙasa da Hausa, kuma in na tsallake harafi za ta sani, don tun ina goye take gane ƙaryata a kunnena. Na karanta sunayen duka. Na zo layi biyun nan na ƙasa. Sun ce daga ranar miƙa makulli bashin ya zama na mai sayen shago, ita za a biya, cikin kwana casa'in.

"Wato ba ni za su biya ba."

"A'a, Iya."

"Sun sani?"

Na yi shiru. Karo na farko a tarihin Najeriya.

Kawu ya matso. "Iya, bashin nan gaskiya ne, sun ci kayan. Alhaja ba muguwa ba ce, za ta bi su a hankali. Kuma kuɗin ba naki ba ne ke kaɗai, da haƙƙinmu a ciki."

"Ranar da liman ya faɗa kana ina?"

"Ina wurin."

"Me ka ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce amin."

"Alhaja mutuniyar kirki ce, amma banki ke binta, ita kuma za ta bi su. Ubanku shekara nawa yana bin Maman Biyu, ka taɓa jin ya ce mata kwana casa'in? Na riga na aika masa da ladan nan, yana can yana amfani da shi. Yanzu in ce ya dawo min da shi zan sayi bulo?"

Umma tana kuka ta ce, "To gidan fa, Iya? Ina za ki zauna?"

Iya ta juyo wurina. Ta ce in miƙo mata almakashi daga cikin gwangwanin ɗinkinta. Ta yanka takardar layi-layi, kowane suna da yatsansa, ta tara su a faifai, ta miƙo min.

"Ki mayar wa kowa yatsanta. Kuma ki gaya musu abin da kika ɓoye, da bakin nan naki."

Wannan zagayen ya fi na farko tsawo sau ɗari. Ba wadda ta zage ni, kuma da sun zage ni da ya fi min sauƙi. Mai firji ta karɓi nata ta ƙulle a bakin zani, ta ce, "To ita Iya fa?" Na ce ban sani ba. Maman Biyu ta yafa mayafi ta biyo ni har gida tana faɗa, wai ita ta yarda a sayar da bashinta ko ga waye, Iya ta ce mata ta koma, man ƙosanta zai ƙone.

Ran Asabar muka miƙa makulli, Alhaja ta tura miliyan tara. Kawu ya je wurin magadan mai gida ya roƙi ragi ko ƙarin lokaci. Suka ce sun yi haƙurin wata biyar saboda mutuncin mamaci, su ma su goma sha uku ne kowa da matsalarsa. Umma ta ce a kama wa Iya ɗaki a wani gidan a nan Sabo. Iya ta ce ba za ta zauna tana leƙen ƙofarta daga ƙofar wani ba.

Kayan shekara hamsin, kwana biyu suka ishe mu ɗaurewa. Gado da kabad da turmi ta rabar. Ranar da za mu taho, tun da sassafe matan suka cika tsakar gida, wasu da ba su taɓa fita da rana ba sai da suka nemi izini suka zo. Ƙosai, alale, fura, dambu, har da wata da ta kawo kaza da ranta. Ana kuka da Hausa ana lallashi da Yarabanci. Iya ba ta yi kuka ba. Ta tsinki lemo uku ɗanye daga bishiyarta ta sa a jaka, ta ce wa direba mu tafi kada rana ta yi.

Hanyar dawowa ramukan nan ne dai, tankokin nan ne, amma ban sami abin ba'a ko ɗaya ba. Kazar ce kawai ta yi ta magana. Bayan Oyo Iya ta daina waiwaye. A Mokwa ta ƙi cin abinci, ta ce man gyaɗan Arewa bai da ɗanɗano. Mun kwana a Suleja saboda ƙafarta ta kumbura, muka shiga Zariya washegari da azahar. Ta leƙa ta taga ta ce ba ta gane ko'ina ba. Tana da shekara goma sha bakwai ta bar garin nan, daidai shekaruna.

Abin da na koyo, tunda dole mai labarin tafiya ya faɗi abin da ya koyo: kuɗin da ke shafin farko ba shi ne kuɗin ba, sai an ƙirga sito ranar ƙarshe. Duk abin da ya fita daga shago tsakanin sa hannu da miƙa makulli, ko tuwon sadaka ne, ko alheri ne aka yi a lasifika, akwai mai kalkuleta da zai nemo shi, kuma ba mugunta yake yi ba. In an ba ku takarda ku karanta wa manya, ku karanta har wurin da ke sa ciwon kai. In kuma kun gane, ku faɗa, ko da za ta ɓata muku tsiren dubu uku.

Iya tana ɗakin da ke kusa da nawa yanzu. Da safe in maƙwabta sun shigo gaishe ta, wani lokaci sai ta amsa da Yarabanci, ta ankara, ta yi shiru. Akwatunanta uku suna bayan ƙofa, ba ta kwance igiyar ko ɗaya ba. Jiya na ce bari in taya ta jera kaya. Ta ce in bari tukuna.